Igiyoyi Bakwai Masu Baƙin Tsumma

Duk aikin da na yi a rayuwata buga mashin ɗin rubutu ne a ofishin rijiyoyi na Filinge. Na shiga ina budurwa, 'yan shekaru bayan sojoji sun karɓi mulki, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga babban fari ba, na fita ina da jikoki. Ofishin ɗaki biyu ne da rumfa, sai magaza a baya inda ake ajiye kayan aiki. Mu ke haƙa rijiyoyin gwamnati mu ɗaure su da siminti, mu ke yashe su in sun cushe, tun daga Tondikandiya har can arewa da Sanam. Na ce mu, amma ni ko leƙa rijiya ba na so. Ina zaune a inuwa da takalmi mai tsini, ina ji da kaina don na yi lakwal, makarantar boko, na iya Faransanci. Ba na son a gyara mini magana, kuma duk wanda ya yi aiki da ni ya san haka.

Mai sauka cikin rijiyar wani tsoho ne da kowa ke kira sarkin haƙa, ko da yake ba wanda ya naɗa masa rawani. Ni Baba nake ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Tun zamanin Nasara yake haƙa, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma shi ke riƙe da duk abin da ofishin ya sani. Leburorinsa na shekara ne, a ɗauka da bazara a sallama da ruwan farko, baɗi kuma wasu ne daban. Shugabanni ma haka, kafin mu gane irin shayin da mutum yake so an yi masa canji. Shi kaɗai ne ba ya zuwa ko'ina.

Ga yadda yake ajiye saninsa. Duk rijiyar da ya gama, sai ya tufka siririyar igiyar kaba daidai zurfinta, ya yi ƙulli a kowace gaba. Inda ya tarar da rairayi mai zubowa ya ɗaura farin tsumma, inda marmara ta tare shi ya ɗaura ja, inda ruwa ya fara tsattsafowa ya ɗaura shuɗi. A kan igiyar kuma yakan rataya wani ɗan abu na wurin, tsinin ƙaho ko sakaina ko ɗan dutse mai huda, don ya gane ta. Sai ya naɗe ta ya rataye a magaza, na gabas a bangon gabas, na arewa a bangon arewa. In aka ce za a je aiki wuri kaza, zai shiga ya sauke igiyar wurin, ya bi ta da yatsu ido a rufe, ya fito ya faɗi buhun siminti nawa za a ɗauka da kwana nawa za a yi. Ina yi masa tsiya ina cewa ya mai da magazar gwamnati turken awaki, shi kuma ya ce takarduna ko akuya ba su ɗaurewa.

A cikin igiyoyin nan akwai bakwai masu baƙin tsumma a can ƙarshe. Da na tambaye shi bai yi dariya ba. Ya ce kowane mahaƙi ya san a zura fitila kafin a sauka, in ta mutu akwai muguwar iska, sai a dakata. Amma rijiyoyin nan bakwai munafukai ne. Fitila za ta ci lafiya lau har ƙasa, mutum ya sauka, sai ya fara motsa lakar gindi iskar ta taso daga ciki. Ba ta da ƙara, ba ta ba mutum damar kira, sai ya zauna kamar mai jin barci. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya a cikin ɗayansu ya zauna, gawarsa aka fito da ita. Irin waɗannan sai an yi kwana biyu ana jan laka daga sama da guga mai nauyi, ana zura rassan ganye ana fiffita ramin, sannan mutum ya sauka da igiya ɗaure a ƙirji, yana magana ba fasawa, da ya yi shiru a janye shi. Kwana uku ke nan a kan aikin yini ɗaya. Ba a iya yi wa kowace rijiya haka, don da bazara shanu ke tsaye a bakinta suna kuka, kuma igiyar ƙirji tana hana aiki, mahaƙa suna isa ƙasa suke kwance ta.

A zamanin soja akwai kalmar da ba a faɗa a ofis, ita ce ban sani ba. Na ga ranar da wani hafsa ya zo rangadi ya tambayi wani magatakarda yawan rijiyoyin da ke aiki a yankin Damana. Bawan Allah ya ce sai ya duba. A gaban kowa aka tsayar da shi cikin rana har aka gama taron, wata bai ƙare ba aka tura shi can inda ko wasiƙa ba ta zuwa. Daga ranar muka ɗauki darasi. In babba ya tambaye ka, ka ba da amsa nan take, da murya mai ƙarfi, ido cikin ido, gaskiya ta biyo baya in ta ga dama. Ni na fi kowa iya wannan, har ana yaba mini, ana cewa yarinyar nan kanta ja. Daɗi nake ji.

Wata shekara aka kawo mana shugaba mai son tsari, ya ce ba zai yiwu sanin gwamnati ya zauna a kan tsohon da ko sunansa bai iya sa hannu ba. Maganarsa da gaskiya a ciki, ban musa ba ko a lokacin. Ya zo da katuna masu kauri daga Yamai, kowace rijiya kati ɗaya, ya ce in zauna da Baba in kwashe duk abin da ke cikin igiyoyin. Muka yi makonni a ƙofar magaza, shi a kan buzu yana jan igiya, ni a kan kujera da mashin bisa ɗan tebur. Katin gida huɗu gare shi: sunan wuri, zurfi, lokacin da aka haƙa, sai ko ruwan na shayuwa. Da muka zo kan baƙin tsumma na farko na rasa inda zan sa shi. Na je na tambayi shugaba, ya ce takardar gwamnati ba wurin camfi ba ce, in cika gidajen da aka ba ni.

Na dawo ina jin nauyin faɗa wa Baba. Ya gane tun kafin in buɗe baki. Ya ce in juya katin, ya shafa bayansa da yatsa, ya ce ai nan fili ne ba mai shi. Sai na ɗauki fensir na rubuta da Hausa a baya, cewa iska na tasowa in an motsa laka, a yi aikin kwana uku. Haka muka yi wa shida, kowace da labarinta, wadda ta ci mutum da wadda ta kusa. Ta bakwai ya daɗe yana juya ta a hannu. Ta wani kwari ce a daji arewa da Sanam, inda ba gari sai makiyaya masu wucewa. Rijiya biyu ne a kwarin, ta gabas da ta yamma, tafiyar rabin yini tsakaninsu, suna ɗaya ake kiran su da shi. A wannan ba wanda ya mutu. Shi kansa aka janyo a sume, da ya farfaɗo ya ce wa leburori rana ce ta buge shi, don kunya. Ba wanda ya taɓa jin gaskiyar sai ni.

Yana da ɗa namiji guda ɗaya, wanda ya ƙi aikin rami tun yana saurayi, suka yi faɗa, ya tafi kurmi, can ƙasashen kudu, neman arziki. Baba bai cika maganarsa ba, amma ran nan ya yi.

"Ɗiyata, duniya ba ta riƙe yaro har abada. Wata rana shi komo, kuma wanga aiki za shi kamawa, na san jinina. Ni ban da gona ban da garke. Wagga magana ita ɗai ni ka bar mai. In ba ni nan, ke za ki hwaɗa mai."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, da hannuna na rubuta, kuma kaina ba ya zubar da abu. Ya ce Allah ya sa.

Shekaru suka wuce, aka sallami Baba don tsufa, idonsa ma ya fara hazo. Mulki ya koma hannun farar hula, bakin mutane ya buɗe, aka shiga zamanin masu kawo taimako daga waje da fararen motoci. Su suka kawo mana kwamfuta. Aka ce tana son ɗaki mai ƙofa da rufi mai kyau, kuma magaza ce kawai ta cika sharaɗin. Ni ina gida ina wankan jego a lokacin. Da na koma aiki na tarar an shafe ɗakin da farar ƙasa, an sa labule, ƙusoshin ma an cire. Mai gadi ya ce an tara igiyoyin a rumfa, maƙwabta suka yi ta ɗiba suna ɗaure dabbobi, sauran aka sa wa wuta da shara. Ba mugunta aka yi ba, a idon wanda bai sani ba tsofaffin igiyoyi ne masu tsummokara. Na yi masifa har muryata ta dushe, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Na je na sami Baba a zauren gidansa na faɗa masa. Na zaci zai yi kuka ko ya yi Allah ya isa. Tambaya ɗaya ya yi, ko rubutun bayan katunan yana nan. Na ce yana nan. A ranar gaskiya na faɗa.

Bayan watanni aka ce a tattara katunan duka a kai Yamai, can akwai matasa da za su shigar da su cikin na'ura, sannan a dawo mana da su. Ni na ɗaure su da hannuna na sa a kwali. Ya zo mini a rai in kwafe bayan bakwai ɗin nan a wata takarda, aikin da ba zai kai shan shayi ɗaya ba. Sai na ce me zai sa, abin da ke kaina, kuma ai dawowa za su yi. Abin da ya dawo jeri ne mai tsabta a cikin kwamfuta, gida huɗu ga kowace rijiya. Matasan abin da aka sa su suka yi, ba wanda ya ce musu su juya kati. Na yi ta aika tambaya a kan kwalin, yau a ce yana wani ɗaki, gobe a ce an kwashe ɗakin, har aka gaji da ni. Ban faɗa wa Baba ba. Da daminar shekarar ya rasu, na je gaisuwa na zauna cikin mata ina kuka, rabin kukan na abin da na ɓoye masa ne.

Kamar yadda ya faɗa, ɗan ya dawo. Ya zo da mata da 'ya'ya uku da furfura a gefen kai, kurmi ba ta ba shi kome ba sai tari. Ya nemi aikin haƙa aka ɗauke shi, ashe hannun yana nan, cikin 'yan shekaru shi ke gaban mahaƙa. Kafaɗar ubansa ce da shi, da irin shirunsa. Yaya yake ce mini. Ranar farko da muka zauna na ba shi saƙon uban duka. Na zauna in rubuta masa sunayen rijiyoyin, shida suka zo a guje, don kowace akwai gari kusa da ita da labarin da ake tunawa. Na zo ta bakwai na rubuta sunan kwarin, alƙalamina ya tsaya. Gabas ko yamma? Na rufe ido ina ganin Baba yana juya igiyar, ina ganin ɗan ƙahon da ke kanta, amma kalmar ta ƙi zuwa. Na bar sunan kwarin haka na liƙa takardar a bangon ofis, na ce wa raina zai faɗo mini. Shekaru ba a taɓa rijiyoyin nan ba, ni ma na bar maganar ta kwanta.

Wata bazara mai tsanani aka ce a yashe su duka biyu, don makiyaya sun taru a kwarin ruwa ya yi ƙasa. Shugabanmu a lokacin wani matashin injiniya ne mai ladabi, sa'an ɗana na fari, Inna yake ce mini. Shi bai raina takardar bangon ba, yakan tsaya ya karanta. Ya tara mu da safe a rumfa, mahaƙa da direba da kowa, ya ce motar aikin ana jiran ta a garin Tabla, kwanaki sun yi kaɗan, yana so ya san wace ce daga ciki za a yi wa aikin kwana uku. Ya juyo ya dube ni, kowa ya dube ni.

Ba soja a wurin, ba wanda zai tsayar da ni a rana. Yaro ne mai jin kunyata yake tambaya. Amma bakin da ya saba ya riga ni. Na ji muryata ta fito da ƙarfi, irin wadda ake yaba mini, na ce ta gabas ce. Ina faɗa na ji kamar haka ne ma, don abin da mutum ya furta da ƙarfi yakan zauna masa a kai. Ɗan Baba ya bari aka watse, ya biyo ni har bakin ƙofa.

"Yaya, kin tabbata?"

"Da hannuna na rubuta," na ce masa, har da ɗan fushi.

Ya ce shi ke nan, ya yi mini sallama ya hau mota.

Sauran daga bakin direba na ji. Sun yi kwana uku a ta gabas suna jan laka suna fiffita, ya sauka da igiya a ƙirji yana ta ba su labarin kurmi, ya fito lafiya, har suna dariya suna cewa iskar ta tsufa. Suka wuce ta yamma. Aka zura fitila ta ci har ƙasa. Ya sauka da hantsi, ya kwance igiyar kamar yadda aka saba, guga biyu na laka suka hau, na uku bai motsa ba. Suka kira ba amsa. Wani ya ɗaura igiya ya bi shi, bai kai rabi ba aka janyo shi a sume. Sai bayan la'asar suka samu fito da shi. A Sanam aka yi masa sutura.

Ba wanda ya tuhume ni. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda ba mai wuce ranarsa. Amma na san abin da na sani. Bayan sadakar bakwai injiniyan ya kira ni, ya nuna mini ya ƙara gida na biyar a cikin kwamfuta, na abin lura, ya ce in zauna in cika shi da duk abin da tsohon ya taɓa faɗa mini. Ya ce watakila rijiyoyin ba bakwai ba ne, takwas ne, tsohon ne bai san ta yamma ba. Hanya yake ba ni in bi in fita. Na dube shi na ce a'a, bakwai ne, ni ce ban san wace ce ba na ce na sani. Ban taɓa faɗin irin wannan magana a ofis ba sai ranar. Ya ce a hankali, ba da faɗa ba, da na gaya masa haka da duka biyun ya sa an yi wa kwana uku, Tabla ta jira.

Na cika gidan. Na yi kwanaki ina bugawa, rairayi mai zubowa da marmara da duk abin da ya rage a kaina, inda na yi shakka na rubuta cewa ina shakka. An ce yanzu abin yana cikin wayoyin mahaƙa, kafin su sauka sai sun duba. Na ji daɗin haka, ba zan ce ban ji ba.

Abin da ya fi mini wuya zuwa wurin matarsa ne. Na bari ta fita takaba, na je da yamma na tarar tana sussukar gero a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Na faɗa mata duka, tun daga bayan kati har zuwa amsar da na ba shi a bakin ƙofa, ban rage kome ba. Ta jingina taɓarya da turmi ta saurare ni har na gama. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta ce ran da zai tafi ta yi masa maganar kwarin nan, don gabanta na faɗuwa, har ta ce masa ya gaya wa ofis ba shi da lafiya.

"Sai yac ce mini in bar damuwa. Yac ce Baba ya bar magana hannun Yaya, kuma Yaya ta hwaɗi ko wace rijiya ta."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da aiki, don yara na jiran tuwo. Na zauna ina kallon ruwan da ta kawo mini, na kasa sha.